Fitilar Lambar Mota: Wa Ya Taɓa Duba Tasa?

Yau ba siyasa zan taɓo ba, ba kuma zancen ƙarin albashi ba, duk da na san abokan aikina shi suke jira. Maganar wani ɗan ƙwan fitila ce da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Rubutun da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri, wanda yake sauri ya ajiye sai ya dawo gida.

In ka zagaya mota ka ƙirga fitilunta, za ka ga kusan kowacce direba take yi wa aiki. Ta gaba tana nuna masa hanya. Sigina tana roƙa masa a ba shi wuri. Danjar birki tana hana na baya ya dake shi. Ta ribas tana haska masa kwata da turken rumfar mutane. Ta cikin mota ma da ita yake laluben canji. Guda ɗaya ce tak ba ta ƙare shi da komai, wato 'yar farar fitilar nan da ke saman lambar baya. Direba ba ya ganinta daga kujerarsa. In ta mutu mota ba ta canza tafiya, ba ta ƙara shan mai, kuma a mafi yawan motocin da irinmu ke hawa babu wata alama da za ta fito a gaban sitiyari ta gaya maka. Aikinta ɗaya ne: wanda ke bayanka da dare ya iya karanta ko kai wane ne. Don mutane aka sa ta, shi ya sa babu mai kula da ita.

Abin da ya sa na damu da ita ga shi. Wajen wata huɗu da suka wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a majalisarmu ta bakin titi, an ɗauke wuta, sai muka ji ƙara da salati. Wani yaro ne ɗan shekara 11, ɗan maigadin wata makaranta a layinmu, an aike shi sayo maganin sauro, yana tsallakawa mota ta kwashe shi. Direban ya ɗan taka birki kamar zai tsaya, sai ya sake shawara ya ƙara wuta. Aƙalla mu bakwai muka ga motar. Mai shayi ya ce Corolla ce ruwan toka. Mai tsire ya rantse Honda ce. Wani ɗan Adaidaita ya ɗan bi ta, ta ɓace masa a shatale-tale. Wani matashi ma ya yi hanzarin ɗaukar bidiyo da wayarsa, muka taru a kansa muna ta zuƙo hoton. Jajayen fitilu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, tsakaninsu baƙi ƙirin. Lambar tana nan a wurin, amma sai ka ce an shafe ta da gawayi.

Ni na ɗauki yaron a motata zuwa asibiti, ubansa na riƙe da shi a baya. Karaya biyu a ƙafar dama, ɗaya a cinya. Washegari da muka je kai rahoto, tambayar farko da aka yi mana ita ce, "Kun ɗauki lambar motar?" Tambaya ce ta gaskiya, babu laifin mai yinta. A garin Kano ka ce a nemo maka Corolla ruwan toka, ai kamar ka ce a nemo maka mai farar riga ne a masallacin Juma'a. Haka maganar ta mutu. Kuɗin aiki da ƙarfen da aka sa wa yaron ya cinye abin da uban ke samu a watanni da dama. Karo-karo aka yi a masallaci, ya sayar da tumakin matarsa biyu, har yanzu akwai sauran bashi a kansa. Wanda ya yi ɓarnar kuwa yana can yana shiga kasuwa, yana ɗaurin aure, ƙila ma yana cikin masu karanta wannan rubutu.

Ban ce da fitilar tana ci da lalle an kama shi ba. Amma da an sami bakin zare. Ko haruffa uku na farko da lamba biyu aka tsinta, ga launin mota, ga ƙirarta, aiki ya ragu ƙwarai. Kuma ina da yaƙinin mutumin da ya san ana karanta lambarsa yakan yi tunani sau biyu kafin ya gudu.

Tun daga ranar idona ya buɗe. In na taso daga ofis da yamma na biyo titin Zariya ko na Katsina bayan magariba, lambar motar da ke gabana nake fara kallo. Ku gwada yau, za ku sha mamaki. Motocin gida, bas-bas na haya, tifofin yashi, har da wasu manyan jif-jif masu sheƙi, baya duhu. Fitilar motarka ce kawai ke haska lambar in kana daf da su. Mai tafiya a ƙasa da ke gefen titi, wanda shi ne aka fi kaɗewa, ba shi da fitilar da zai haska.

Na kuma mayar da ita al'ada, duk ranar Asabar in ana wanke mota sai na kunna fitila na sa ɗana ya zagaya ya gaya mini abin da ke ci da wanda ba ya ci. Asabar ɗin da ta wuce ya ce, "Baba, ta wajen lamba ɗaya ta mutu, ta hagu." Tawa tsohuwar Corolla ce 'yar Kwatano, irin wadda rabin ma'aikatan sakatariya ke hawa. Ni da kaina na canza, kuma daga buɗe but zuwa rufewa ban yi minti goma ba. Kuɗin ƙwai biyu bai kai na litar mai biyu ba. Bari na faɗi yadda ake yi, don wanda bai taɓa ba ya san ba wani abin tsoro ba ne.

Da farko yadda ake dubawa. Ba sai ka tayar da inji ba. Murɗa makunnin fitila mataki ɗaya, wanda ke kunna ƙananan fitilun fakin, sannan ka zagaya baya. Fitilar lamba tare take kamawa da jajayen fitilun baya. Yawancin motoci ƙwai biyu gare su, wasu ɗaya. In da rana ne ka kare da tafin hannunka ka leƙa ta ƙasa. In ɗaya na ci ɗaya ba ya ci, kusan kullum ƙwan ne ya ƙone. In duka biyun sun mutu amma jajayen baya na ci, ko dai sun ƙone ɗaya bayan ɗaya ba a lura ba, ko waya ta tsinke, kuma inda ta fi tsinkewa shi ne daidai inda murfin but ke lanƙwasa, saboda buɗewa da rufewa na shekaru. In kuwa fitilar lamba da jajayen baya da hasken agogon gaban sitiyari duk sun ɗauke lokaci guda, to fiyus ne, don a motoci da yawa layi ɗaya suke. A Toyota za ka ga an rubuta TAIL a murfin akwatin fiyus. Ka sa mai lamba daidai da wanda ka cire. Don Allah kada a naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari kamar yadda wasu ke yi. Fiyus an yi shi ne ya ƙone a madadin mota, in ka hana shi ƙonewa wayoyin ne za su ƙone. In ka sa sabo ya sake tashi nan take, akwai inda waya ke taɓa ƙarfe, wannan kuma aikin mai rewaya ne, ka kai masa.

Sai cire ƙwan. Kashe fitila tukuna, ka bar shi ya huce, don ɗan ƙaramin nan yana ƙona yatsa. Hanya uku ce gwargwadon mota. Wasu murfin gilashin da ƙananan kusoshi biyu aka ɗaure shi ta waje, sai ka kwance da sukudireba. Wasu maƙale shi kawai aka yi, sai ka naɗa ƙyalle a bakin sukudireba mai faɗi, ka tura gefe ɗaya a hankali ya ɓallo. A hankali fa, don robar da ta sha ranar Kano shekara goma ba ta da wuyar karyewa. Wasu kuma, irin tawa, ta ciki ake bi: ka buɗe but, ka ɗaga abin da aka lulluɓe murfin da shi ta ciki, ka kama gidan ƙwan ka murɗa hagu kaɗan, ya fito da wayarsa. Ƙwan kuwa ja kawai ake yi, ba a murɗawa.

Ka tafi kasuwa da wanda ka cire a aljihunka, ya fi dogon bayani. Mafi yawan motocin Japan ɗan ƙaramin ƙwan nan mai gindin gilashi suke amfani da shi, wanda ake kira T10 ko W5W, mai volt 12 da wat 5. A motocin da suka fito daga Amurka za ka ga an rubuta 168 ko 194, duk gida ɗaya suke shiga. Tsofaffin motocin Jamus da yawa kuma dogo ne mai hular ƙarfe a kai da gindi, kamar ƙaramin fiyus na da, shi ma tsawonsa kala-kala ne, shi ya sa na ce ka je da naka. Masu tirela da tanka nasu mai volt 24 ne, kada a haɗa. A Kano Ƙofar Ruwa ba abin da babu, na Kaduna ga Panteka, na Abuja ga Apo, kuma kusan duk mai shagon kayan wutar mota a bakin titi yana da shi. Ka sayi biyu ka canza duka, don in ɗaya ya mutu ɗan'uwansa ma yana hanya, tare suka tsufa.

Kafin ka sa sabon, leƙa cikin gidan. In ka ga tsatsa ko wani kore-kore a kan ƙarfen, ka kankare da ɗan samfefa ko bakin sukudireba. Ruwa ne ke jawo shi, na damina da na masu wankin mota da ke fesa injin ruwa kai tsaye cikin murfin. In robar da ke tare ruwa ta tsage, ko gilashin ya fashe, ka canza shi, in ba haka ba kowane wata kana sayen ƙwai. Gilashin ma ka wanke cikinsa da sabulu, don ƙurar hunturu takan toshe shi har ka ga ƙwai lafiyayye amma hasken kamar na aci-balbal. Ka gwada kafin ka mayar da murfi, kada ka ɗaure komai sannan ka gane bai kama ba.

Mai shagon da na saya wurinsa ya so ya sayar mini da LED. Ya ce, "Yallaɓai ka sa wannan, ka manta da shi, har ka sayar da motar." Gaskiyarsa ta wani ɓangaren: LED mai kyau ya fi daɗewa, bai cika zafi ba, kuma wutar da yake ja kaɗan ce. Amma abu uku. Na ɗaya, da yawansu suna da gaba da baya, in ka sa bai kama ba kada ka ce ya lalace, cire shi ka juya. Na biyu, a motocin da kwamfuta ke lura da fitilu, musamman na Jamus, motar za ta ɗauka ƙwan ya mutu saboda ƙarancin wutar da yake ja, ta riƙa nuna maka alama, sai ka nemi wanda aka yi don irinsu. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, fari za ka saya, mai matsakaicin haske. Wasu sabbin motocin ma fitilar a haɗe take da gidanta, ba a cire ƙwan, dungurungum ake canzawa, nan kuɗin ya ɗan fi.

Bari na tsaya a kan maganar launi, saboda samarinmu. Yanzu yayi ne a sa shuɗiya, ko ja, ko mai walƙiya kamar gidan biki. Lambar motar gida a Najeriya shuɗin rubutu ne a kan fari. In ka haska ta da shuɗiyar fitila, farin ya koma shuɗi, rubutun ma shuɗi, sai su saje. Ta haya jan rubutu ce, in ka haska ta da ja haka za ta yi. Mai tsananin haske kuma yakan dallare lambar, ido ya ga fari fat, kyamarar waya ma haka. Wato ka kashe kuɗi ka sayi fitila, amma sakamakonta ɗaya da wanda tasa ta mutu. Ƙanena na Facebook masu gyara mota ta yi kyau, ku yi wa riminku ado yadda kuke so, ku bar wa lamba farar fitilarta.

Akwai kuma wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba. Motocin da aka ƙera don Kanada, da wasu na Amurka da Turai, suna kunna fitilar gaba da kansu da zarar an tayar da inji, don a riƙa ganinsu da rana. A irin waɗannan, musamman masu agogon da ke haske kullum, direba zai fito da dare ya ga gabansa da haske, agogonsa da haske, ya ɗauka ya kunna fitila. Alhali baya gaba ɗaya a kashe yake, babu ja, babu ta lamba. Na sha bin irinsu a hanyar Wudil ina yi musu fitila suna zaton neman wucewa nake. In motarka irin wannan ce, ka tabbata ka murɗa makunnin da hannunka, ko ka bar shi a kan AUTO in tana da shi.

To me ke jikin lambar da har ake wannan dogon zance? Tsarin da muke kai yanzu an shigo da shi a 2011: haruffa uku, lamba uku, haruffa biyu. Haruffa ukun farko ƙaramar hukumar da aka yi wa motar rajista ce. KMC Birni da Kewaye, NSR Nasarawa, FGE Fagge, DAL Dala, GWL Gwale, TRN Tarauni. Sunan jiha na sama. Launin rubutu na gaya maka ta gida ce, ta haya ce, ko kore ta gwamnati. Kuma kowace lamba tana da suna da adireshi a rumbun bayanan rajistar motoci. Wato mota tana yawo da katin shaidarta a goshi da ƙeya. Da rana kowa na gani. Da dare ɗan ƙwan nan ne kaɗai ke riƙe da katin.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. A jihohin Amurka da yawa, inda akasarin motocinmu na hannu suka fito, doka ta ce farar fitila ta haska lambar baya yadda za a karanta ta daga nisan ƙafa 50, wajen mita 15 ke nan, kuma ɗan sanda na iya tsayar da kai a kan wannan kaɗai. A Ingila tana cikin abubuwan da ake dubawa a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Motar da kake hawa ta yi shekaru a can fitilarta na ci, sai da ta tsallako teku ta shigo hannunmu aka ga ba ta da amfani. Mu ma nan ba a bar mu babu doka ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ya fara shugabantarta, tana aiki da dokar 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012, kuma matsalar fitila da matsalar lamba duk suna cikin jerin laifuffukan da ake cin tara a kansu. A farkon 2025 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke hukuncin cewa kada a hukunta direba don lambarsa ta koɗe, tunda ba shi ya buga ta ba. Na ji daɗin hukuncin. Amma a lura, fentin lamba aikin wanda ya buga ta ne, ƙwan fitila kuwa aikin mai mota ne. Wannan ba mu da wanda za mu ɗora wa.

Duk abin da na faɗa zuwa nan a kan wanda tasa ta mutu bai sani ba ne. Akwai kashi na biyu, masu kashe ta da gangan, da masu cire lambar su ajiye a but, da masu sa mata baƙin gilashi, da masu ɗinka mata rigar fata. Hausawa suka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wanda ke zaune a Abuja ya san labarin 'yan "one chance", motar da za ka shiga a matsayin tasi ka tsinci kanka hannun ɓarayi. Nasihar da ake yi wa mata da matasa kullum ita ce, kafin ka shiga ka ɗauki lambar ka tura wa wani. To da dare, a Berger ko Area 1, ta yaya za ta ɗauki lambar da ba a gani? In da kowace motar kirki lambarta na haske, mara haske za ta fita daban, mutum ya ja da baya. Amma da yake mu masu gaskiya ma bayanmu duhu ne, ɓarawo ya sami taron da zai saje a ciki. Duk motar kirki da ke yawo da matacciyar fitila tana ba shi mafaka ba ta sani ba.

Sai kuma namu, ma'aikatan gwamnati da masu muƙami. Shekarata 19 ina aiki, na san yadda abin yake. Mota mai koren rubutu da kuɗin jama'a aka saye ta, da kuɗinsu ake zuba mata mai. An sa mata lamba ta daban ne don talaka ya gane kayansa, in ya gan ta ƙarfe sha ɗayan dare a ƙofar gidan biki ko tana ɗauke da buhunan siminti zuwa ginin wani, ya san abin da ya gani. Yanzu sai a sa mata riga. Rundunar 'yan sanda ta sha fitar da sanarwar hana rufe lamba, a yi mako biyu ana cirewa, sai a koma gidan jiya. Hujjar da ake bayarwa ita ce tsaro. Ban raina tsoron kowa ba, zamanin ya lalace. Amma ayarin mota huɗu da jiniya da 'yan rakiya ba ya ɓuya don an rufe lamba, kowa ya san babban mutum ne ke wucewa. Abin da rigar ke ɓoyewa kawai shi ne wane babban mutum ne, ranar da motar rakiyarsa ta ture mai kwandon tumatir.

Na san abin da wasu za su rubuto mini. "Malam, ana fama da abin da za a ci kana zancen ƙwan fitila." Ai ni ma cikin faman nake. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, akwai makon da nake ajiye motar na hau Adaidaita, kuma mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 bai kamo farashin buhun shinkafa da kuɗin makaranta ba. Na fahimci wanda ya ɗaga canjin taya zuwa ƙarshen wata, duk da haɗarinsa, don kuɗi ne masu yawa. Wannan kuwa ba ya cikinsu. Wanda ya iya zuba mai ya fito da mota, ya iya sayen ƙwan nan.

Wani zai ce, "Gwamnati ta gyara fitilun titi mana, ta cike ramuka." Ta gyara, haƙƙinmu ne, kuma kun san ba na shiru a kan haka a wannan shafin. Amma inda titi ya fi duhu ai nan aka fi buƙatar mota ta zo da nata hasken. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wani kuma zai ce, "Ko ka gyara sai an tare ka an nemi na goro." Wataƙila. Sai dai duk direban da ke tafiyar dare ya san yadda ake yi a shinge: a karɓi takardu, in sun cika a zagaya mota da tocila ana neman abin kamawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In aka sami matacciyar fitila, bakinka ya mutu, kai ne mai roƙo, kuma abin da zai fita daga aljihunka a wurin ya ninka kuɗin ƙwan. In komai naka na ci, kana iya kallon mutum ido cikin ido ka yi masa magana cikin ladabi ka wuce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Kullum a nan muna rubutu muna cewa shugabanni su fito fili, a san abin da kowa ya yi, wanda ya yi laifi a kama shi. Gaskiya ne. To mu ma in mun hau titi da tan ɗaya da ɗoriya na ƙarfe, masu iko ne a kan mai tafiya a ƙasa, da mai keke, da yaron da aka aika sayo maganin sauro. Ɗan abin da zai iya riƙe mu da shi in mun cuce shi, haruffa biyar ne da lamba uku. Barin su a haske shi ne mu ce masa, ga ni, in na yi maka laifi ka san inda za ka same ni.

Don haka roƙona kaɗan ne. Yau da magariba ka murɗa fitila mataki ɗaya ka zagaya bayan motarka. Hajiyoyi masu mota, ku ma haka, ko ku sa yara su duba. Mai direba ya tambayi direbansa. Shugabannin tasha da na ƙungiyoyin direbobi, da za ku sa a riƙa dubawa kafin a yi wa motar dare lodi, da kun taimaka. Masu babur da Adaidaita, ku ma kuna da ita, a ƙasan danjar baya take. Masu rewaya, in an kawo muku gyaran wani abu ku leƙa ta ku gaya wa mai motar. In ka ga ta abokinka ta mutu a wurin fakin na ofis ko masallaci ka faɗa masa, don shi ba zai taɓa gani ba. Kuma ku ajiye 122 a wayoyinku, lambar kiran gaggawa ce ta jami'an kiyaye haɗurra, kyauta ce.

Na sayo ƙwai kwali guda na ajiye a mota tare da sukudireba. Daga Litinin zuwa yau na canza wa mutum huɗu a ofis, har da wani darakta da ya tsaya yana riƙe mini tocilar waya yana cewa shi bai ma san akwai fitila a wurin ba. 'Yan unguwa da ke kan wannan shafi, ina gida ranar Asabar bayan la'asar, wanda tasa ta mutu ya kawo, ba ko sisi.

Masu tambayar yaron, ya fara takawa da sanda, likita ya ce sai a hankali, zangon karatu ɗaya ya wuce shi. Wanda Allah Ya hore wa kuma yake son rage wa uban bashin asibiti, ya same ni ta akwatin saƙo na haɗa su kai tsaye. Allah Ya ba shi lafiya, Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, Ya kuma hana mu zama sanadin kukan wani.